ChatGPT bai kwafi kowa ba, amma aikin ba naka ba ne

Ɗalibai da yawa a Sakkwato, daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har Jami'ar Jihar, suna ganin cewa in ChatGPT (manhajar kwamfuta mai rubuta amsar abin da aka tambaye ta) ya rubuta musu aikin gida ko babin kundin kammala digiri, kuma Turnitin (manhajar gano kwafi a rubutu) bai nuna kwafi ba, to babu maguɗi. Wannan kuskure ne.

Satar fasaha ba ta tsaya a kwafar kalmomin wani ba. Malami yana ba da maki ne don ya auna abin da ke cikin kanka. In ka miƙa rubutun da ba ka yi ba da sunanka a sama, ka yi ƙarya, ko mutum ya rubuta shi ko na'ura. Kuma tun fitowarsa a Nuwamba 2022 an san ChatGPT yana ƙirƙiro sunayen littattafai da marubuta da babu su. Ranar kare kundi, malami zai ce ka kawo littafin.

Abin yana damuna matuƙa, domin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya taimaka aka kafa daular garin nan, Daular Sakkwato, shi da ya rubuta littafi guda yana lissafa malaman da ya karɓi ilimi a wurinsu.

Neman bayanin abin da ya shige maka duhu, ko gyaran nahawu, wani abu ne dabam. Tambayi malaminka iyakar da ya yarda, ka kuma bayyana inda ka yi amfani da ChatGPT.