Katako a ƙasan ɗaki: abin da na faɗa wa yayana

Shekaranjiya yayana ya kira ni daga Maraɗi. Ginin da yake yi a unguwar Ali Ɗan Sofo ya kai rufi, kuma tun da ya ga hoton falona na nan Kanada ya ce shi katako yake so a ƙasa, ba karo (wato tayil) ba. Na ce, "Yaya, dakata in ba ka labari."

Iri biyu na tarar a kasuwa lokacin da nake gyaran gidana. Akwai wanda aka goge aka shafe tun daga masana'anta, ka shimfiɗa yau ka taka yau. Akwai kuma tsuransa, wanda ba a taɓa fuskarsa ba, shi na ɗauka. Itacen nan ne da ganyensa ke kan tutar Kanada, kaurinsa milimita 19. Sai da ya kwana bakwai a ɗakin, ya saba da iskar gidan, kafin kafinta ya buga ƙusa. Sannan aka bi shi da injin samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, aka shafa man sheƙi sau uku. Mun sha ƙura, mun kwana gidan maƙwabta. Amma da aka gama, ƙasan ya zama shimfiɗa ɗaya sumul, ba tsagi tsakanin allo da allo, launin kuma ni na zaɓa. In ya tsufa a sake gogewa ya dawo sabo.

Ranar da na fara taka shi, daɓen kakarmu ne ya faɗo mini a rai: mata sun taru da madaɓai suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba har ƙasa ta yi ja tana ƙyalli. Shi ma a cikin ɗakin ake gama shi, da hannu. Ina jin abin da ya ja ni ga tsuran katako ke nan.

To amma Maraɗi fa? Katako yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Masu aikinsa suna so laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Ko a nan, in sanyi ya shigo aka kunna na'urar ɗumama gida, sai ka ga siraran tsagi sun buɗe. Ina ga garinmu, inda hunturu ke tsaga leɓe, a watan Agusta kuma ƙofar katako ta ƙi rufuwa? Ga gara, wadda ba ta jin kunyar kowa. Ga rairayin da ke shigowa a tafin ƙafa, shi kansa samfefa ne. Gidan yayana kuma da bokitin ruwa ake wanke ƙasa kullum safe, ga butar alwala a bakin ƙofa.

Har ila yau itacen ma daga nesa za a kawo shi, ta Katsina ko ta Kwatano. Mutanen yankinmu da suka shekara arba'in suna rainon gawo a gonakinsu ba su da maɗacin da za a yanka don falo.

Na ce masa ya sa karo a ko'ina. Ɗakin Inna kuwa, a nemo tsofaffin da suka iya daɓe, ni zan biya makubar da abincin masu aiki. Ya ce zai tambaye ta bayan sallar Juma'a.