Sabo fil, amma yana yoyo

Makon jiya ƙanina ya kira ni daga ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Maigatari, yana son in cika masa kuɗi ya sayi babur. Ya ce, "Yaya, na cikin kwali nake so, wanda ba wanda ya taɓa hawa." Na gane abin da yake nufi, don ni ma da wannan tunanin na taso: in abu sabo ne, an gama magana. Aikin da nake yi a nan Amurka ne ya raba ni da wannan tunanin.

Ina zaune a arewacin jihar Indiyana, kusa da garin Elkhart, inda ake ƙera mafi yawan motocin nan na yawon shaƙatawa da suke kira RV. Gida ne a kan taya. Akwai gado, da banɗaki, da wurin girki, da firji, da tankin ruwa. Wasu da injinsu, wasu kuma sai an ɗaura su a bayan a-kori-kura an ja. Ni jan su nake yi daga masana'anta zuwa wurin dillalai a wasu jihohi. Lokacin korona mutane suka guji jirgi da otal, suka yi caa a kansu, har a 2021 kamfanoni suka fitar da sama da 600,000 a shekara ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba. Zuwa 2023 adadin ya faɗo kusan rabi. Amma ciwon da wancan saurin ya haifar, masu motocin suna jinyarsa har yanzu.

Akwai wata mota da ba na mantawa. Na ɗauko ta da ledarta, ruwan sama ya same ni a hanya kamar na awa biyu. Da muka isa aka buɗe ƙofa, sai ga katifa sharkaf, ruwa na bin bango daga inda aka manta ba a shafa gam a bakin tagar rufi ba. Murfin kabad ɗaya yana lilo da ƙusa ɗaya tak, sauran suna birgima a ƙasa. A cikin bututun iska kuwa garin katako ne dam, ba a ko share ba. Wani dattijo da matarsa ne suka yi odar ta da kuɗin ritayarsu, kuma suna tsaye a wurin. Matar ta taɓa katifar, ta dubi mijinta, ba ta ce uffan ba. Aka ce su koma gida za a kira su. Wallahi ranar kunya ta kama ni kamar ni na ƙera ta.

Na daɗe ina tambayar kaina yadda ƙasar da ke ƙera jirgin sama za ta kasa ɗaure murfin kabad. Amsar tana gonar babanmu. Duk wanda ya taɓa ba da noma jinga ya san abin da nake faɗa: in ka yanka wa 'yan ƙodago kuɗin gona gaba ɗaya ka tafi, kafin azahar sun gama, daga bakin hanya gona tas, amma ka shiga tsakiya ka tona kunya ka ga ciyawa binne ta aka yi, ba a kashe ta ba. Bayan ruwa biyu ta dawo. To yawancin masana'antun nan jinga suke biya. Ana lissafa wa ma'aikata kuɗi ne da yawan motocin da suka fita, su fara tun kafin asuba, da zarar adadin ranar ya cika kowa ya kama gabansa. Da yawansu 'yan Amish ne, mutanen nan masu hawan keken doki, kuma ban taɓa ganin masu ƙwazo kamarsu ba. Ba laifin hannunsu nake gani ba. Wanda ya tsaya duba noti ya tsayar da layi, ya rage wa abokansa abinci. Sauri ya haifi nawa, sai dai a nan ba mai saurin ne ke biyan kuɗin nawar ba.

Sai na tuna amalanken Kawu. Wani mai walda ne a Gumel ya haɗa masa da ƙarfen tayar tsohuwar Fijo, ina yaro. Ba fenti mai ƙyalli, ba takardar garanti. Ranar da aka je ɗauka, mutumin ya sa aka loda buhunan gero, ya hau kai da kansa yana jijjigawa, ya sauko ya ƙara walda a wuri biyu kafin ya karɓi cikon kuɗinsa. Ya san duk ranar Alhamis amalanken nan zai shiga kasuwar Maigatari, kuma in ya karye a hanya kafin la'asar an ji sunan wanda ya yi shi. A masallaci ɗaya za su haɗu da Kawu ranar Juma'a. A nan kuwa, wanda ya manta gam ɗin nan ba zai taɓa ganin fuskar dattijuwar ba. Shi ya miƙa wa na gaba, kamfani ya miƙa wa direba, direba ya miƙa wa dila, dila ya ce sai kamfani ya aiko da kayan gyara. Garantin galibi na shekara ɗaya ne, kuma akwai waɗanda watanni daga ciki a garejin dila motarsu ke cinye su. Dokar da ke tilasta a karɓi sabuwar mota mai matsala a mayar da kuɗi, a jihohi da dama ba ta shafi ɓangaren gidan ba, ko irin waɗanda ake ja.

Kada a ɗauka cewa nake komai na gida ya fi. A nan aƙalla akwai hukumar da ke sa kamfani ya kira motocinsa a gyara in matsalar ta shafi rai, kamar birki ko bututun gas, kuma mai saye yana da kotu. Mutumin ƙauyenmu da wuya ya kai ga ko ɗaya. Abin da ke damuna shi ne jingar ta iske mu har gida, alhali wannan kariyar ba ta cika iso mu ba. Baburan da ke zuwa a kwali, yara ne ke haɗa su a bakin shaguna a Kano, kan kowane ɗaya ake biyansu. Injin ban ruwa da manoman fadamar Haɗeja ke saye da kuɗin shinkafarsu, in ya ƙi tashi a mako na biyu, mai shago ya ce ai ba shi ya ƙera ba. Mun bar mai waldar da muka sani, mun koma hannun wanda ba mu san sunansa ba, muna kuma murna don leda na jiki.

Na tura wa ƙanina kuɗin, da sharaɗi. Na ce ya ɗauki bakaniken garinmu su tafi Kano tare, ya biya shi kuɗin mota da na yininsa. A gabansu za a buɗe kwalin, a gabansu a haɗa, sannan bakaniken ya bi kowane noti da sifana, ya duba birki da sarƙa da baƙin mai, ya hau ya zaga kafin a miƙa cikon kuɗi. Ya ce, "Yaya, mai shagon zai ga kamar ba mu yarda da shi ba." Na ce ya gaishe shi da kyau, ya ce yayansa ne ya sa shi. Jibi za su tafi, in Allah ya kai mu.