Ba masu hular kwano ne ke karya mana yara a Bauchi ba

Tun da bidiyon nan na ƙungiyar masu manyan babura ya fara yawo a wayoyin mutane, wanda suka yi jerin gwano a bakin teku a Legas, suka wuni a hanya suka koma gida kafin magariba, kunnena bai huta ba. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne labarin cewa wasu samarinmu na nan Bauchi masu irin waɗannan babura su ma suna shirin fita ta wuni guda zuwa gandun dajin Yankari. Nan da nan aka ɗauka: shirme ne, almubazzaranci ne, kwaikwayon 'yan Kudu ne, a hana su tun ba su kashe wani ba. Wani dattijo a majalisarmu har ya dube ni ya ce, "Malam, kai da kake rubutu, ka rubuta hukuma ta taka musu birki." Na ce, "Baba, zan rubuta, amma ka yi haƙuri, ba zai yi maka daɗi ba."

Na kalli bidiyon nan sau uku. Sun bi sashen da aka buɗe na sabuwar hanyar gaɓar teku, wadda gwamnatin tarayya ta fara a 2024 da nufin kai ta Kalaba, tafiyar kimanin kilomita 700. Tekun bai ɗauke mini hankali ba, mutanen nake kallo. Ba wanda ba ya sanye da hular kwano, da rigar fata mai kariya a gwiwar hannu, da safar hannu, da takalmi sau-ciki. Akwai jagora a gaba, ba mai wuce shi. Akwai wani a can ƙarshe wanda aikinsa kawai ya tabbata ba a bar kowa a baya ba. Babur ɗin wani ya tsaya, shi ma ya tsaya. Ba sa jeruwa kafaɗa da kafaɗa, wannan ya ɗan karkata hagu, na bayansa dama, kowa da filin taka birki. Na gaba ya hango rami sai ya nuna da ƙafa, alamar ta bi layi har ta kai na ƙarshe. Wannan ne ake ce wa shirme?

To a zo nan gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Wunti ko shataletalen Gidan Mai da yammacin Juma'a ko Asabar ya san abin da ake kira rakiyar amarya. Yara uku a kan roba-roba guda, silifas a ƙafa, kai ba ko hula, an cire salansa don ƙara, wannan ya ɗaga kan babur, wancan ya miƙe tsaye a kan kujera ya saki hannu, wani ya kwantar da shi har ƙarfe na fid da tartsatsi a kwalta. Mata na guɗa daga cikin mota, manya na gefen titi suna cewa "yaran zamani". Ɗan yayata yana da shekara 17 lokacin da ya faɗi a irin wannan rakiya. Na same shi a gadon asibiti an ɗaure ƙafarsa da ƙarfe, uwarsa na zaune a ƙasa riƙe da kwanon abincin da ya kasa ci. Har yau yana ɗingishi. A duk masu zuwa dubiya ban ji wanda ya ce a hana wannan ɗabi'a ba, "tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa" kawai ake ta maimaitawa. Yau kuma an ga waɗanda suka rufe kansu ruf suna tafiya a layi, sai ga mu da kururuwa.

Gaskiyar da ba ma son ji ita ce mun daɗe da ƙin hular kwano. Da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairun 2009, me aka yi? Wasu suka kifa ƙoƙo a kai, wasu bokitin fenti, aka kuma baza jita-jitar cewa ana sa tsafi a cikin hular. Dokar ta mutu a tsaye. Yanzu samari sun sayi hular da kuɗinsu, ba wanda ya tilasta musu, sun mai da ita abin ado da alfahari, yara ƙanana suna kallonsu suna sha'awa. Abin da tara da kame suka kasa cikin shekaru, ga shi zai shigo ta ƙofar burgewa, mu kuma muna neman mu rufe ƙofar.

Masu cewa a hana, hani kaɗai suka iya. A 2020 gwamnatin jiha ta hana acaɓa, a leƙa titi yau a gaya mini ko ganganci ya ragu. Masu cewa almubazzaranci ne su fara lissafa abin da ake kashewa a dokin hawan Sallah guda, daga sirdi zuwa jalala. Batun kwaikwayon Kudu kuwa shi ya fi ba ni haushi, don wanda ya faɗi haka ya manta da gidansu. Mu ne masu hawa. Mu muka san kowane hakimi da tawagarsa, kowa da gurbinsa a jeri, ba mai shiga gaban wani. Mu muka san kilisa, a ɗaura sirdi da la'asar a fita shan iska bayan gari. Dokin ne ya zama na ƙarfe, kuma sai mu ce baƙon abu ne?

Ba mu da teku, amma muna da inda za a je. Daga Bauchi zuwa Yankari tafiya ce ta kilomita ɗari da 'yan kai: a bi hanyar Gombe, a karya a Dindima, a isa ƙofar Mainamaji. Dajin ya dawo hannun jihar tun 2006, kuma kullum kukanmu baƙi ba sa zuwa. Ruwan maɓuɓɓugar Wikki da ke cikin dajin na nan da ɗuminsa, digiri 31 rani da damina. 'Yan Gombe ga madatsar Dadin Kowa kusa da su. Babura ashirin su tsaya a Dindima, mai shayi ya sayar, mai tsire ya sayar, gidan mai ya yi ciniki, hotunan kuma su zaga ƙasa ba tare da gwamnati ta biya ko sisi na talla ba.

Na san babban babur ba abin wasa ba ne, kuma hanyar Gombe akwai ramuka da tireloli da shanu masu tsallakawa. Sai a kira shugabanninsu, a san sunayensu, jami'an kiyaye haɗurra su duba lasisi su raka su, a ajiye baburan a Mainamaji kada ƙara ta firgita giwaye. Zama ɗaya ya isa a gama wannan. Jami'an da suka rage kuma, da dattawan da ke da ƙarfin kira a hana, ina roƙonsu su zo Wunti ranar Asabar da ƙarfe biyar, su tsaya inda nake tsayawa.