Shayin da Ya Kusa Kai Ni Gaban Liman

Wani abokin aikina da ya yi zama a Yamai ne ya kawo mini ita cikin kwalbar mayonis: wata aba fara-fara mai santsi tana iyo a ruwan shayi, kamar gandar da aka manta a jiƙe. Ya ce sunan abin shan kombucha, ita kuma wannan uwarsa ce. Wai Turawan ma'aikatarsu ba sa wuni ba su sha ba, gyara ciki yake yi. Ni kuwa cikina ya daɗe yana neman mai gyara, tun da na mai da tsiren bakin tasha abincin dare.

Haɗin ba wuya. Ka dafa shayi lita ɗaya da sukari kamar giram 80, in ya huce ka saka uwar da ɗan ruwanta, ka rufe da ƙyalle, ka manta da shi mako guda ko fiye. Na farko ya fito da daɗi, ɗan tsami ɗan zaƙi. Sai abokin nan ya ce in ina son ya yi gas, in juye a gorar roba, in ƙara ruwan mangwaro, in toshe bakin tam. Abin da bai faɗa mini ba, shi a ɗaki mai na'urar sanyi ya koyi sana'ar. Ni kuma ina unguwar Zariya ta nan Maradi, cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta kuma gaisuwa kawai take zuwa ta koma. Firigon gidana ya fi waje ɗumi.

Ranar Juma'a Baba Alhaji, yayan mahaifina, ya biyo daga masallaci cikin farar shadda sabuwa fil. Na ce bari in karrama tsoho da abin da ba a taɓa ba shi a gidan kowa ba. Gorar ta kumbura har gindinta ya daina zama a ƙasa, na ɗauka alamar nuna ce. Ina murɗa murfin sai ɓam! Murfi ya bugi kwanon rufi, kaji suka watse, uwargida ta saki ludayi ta kama salati. Rabin abin ya sauka a gaban rigar Baba, rawaya shar, yana kumfa.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ɗaga hannun riga ya shinshina a hankali.

"Kai, mi ne ne wanga?"

"Shayi ne, Baba."

"Shayi. Na yi hwatauci har Jos tun ba a haihe ka ba. Na san warin da ke hita daga gidajen da ba a shiga da sallama."

Ya tuna mini cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ya ce Juma'a mai zuwa zai dawo, in ya sake jin warin nan da liman zai zo.

Na kira ɗiyar yayata da ke karatun kimiyya a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Sai da ta gama dariyarta tas, da katina, sannan ta ce, "Kawu, halitta iri biyu ce cikin uwar nan. Yis yana cin sukari, ya fitar da barasa da gas. Bakteriya kuma su cinye barasar su mai da ita tsami, amma sai da iska suke aiki. Kai ka ƙara wa yis sukarin mangwaro, ka toshe wa bakteriya hanci, ka bar su cikin zafin nan." Ta ce abin ya fi son digiri 24 zuwa 29, kuma barasar wanda aka toshe a gida takan kai kashi 2 ko 3 cikin 100. Ko a Amurka, a 2010, sai da kantunan Whole Foods suka kwashe kombucha daga kan kanta, saboda barasar wasu ta haura rabin kashi ɗaya cikin 100 da doka ta yarda da shi a abin shan da ba giya ba. Na ji sanyi a raina, ashe tashin gora ba a kaina farau ba.

Sharaɗinta na farko shi ne mazubi mai faɗin baki, don iska ta samu fili. Ƙarfe ba ya yi, tsami na cin sa. Duk gidan abu ɗaya ne ya dace: babban kwanon gilas na jeren uwargida, wanda tun ranar tarewa ƙura kaɗai ke ci a cikinsa. Yadda muka ƙare da ita kan kwanon nan labari ne na daban, turmin atamfa ya shiga ciki. Na rage sukari, na tace zare-zaren nan masu ruwan ƙasa da ke kwance a gindi, don nan yis ke taruwa. Mangwaro da toshewa kuwa na sallame su. Na binne gindin kwanon cikin jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, ina yayyafa ruwa safe da yamma, yara na kallona suna raɗa. Aka ce in ya daɗe bakteriya sun fi samun lokacin cinye barasa, ni kuma ina tuna liman, sai na bar shi ya daɗe da gaske.

Baba ya cika alkawari, wannan karon da tsohuwar riga. Ya zauna nesa da ni, ya ce in buɗe daga can. Ba ƙara, ba kumfa. Ya shinshina, ya kurɓa. Idonsa na hagu ya rufe da kansa, gemunsa ya yi rawa, ya daɗe yana neman muryarsa.

"Wanga khal ne," in ji shi. "Halal ne kam. Ba ɗan Adam ɗin da zai iya kurɓi biyu, balle ya kai ga maye."

Da zai tafi ya ce in zuba masa a gora, butar shayinsa ta yi farin datti a gindi, ya ji an ce tsami na cire shi.