Bobrisky, liƙi da fakewa da guzuma

Ranar 12 ga Afrilun 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, ƙarƙashin Mai Shari'a Abimbola Awogboro, ta yanke wa Idris Okuneye, wato Bobrisky, sanannen suna a kafofin sada zumunta mai shigar mata, ɗaurin wata shida babu zaɓin biyan tara. Laifin shi ne liƙi, abin da a harshen hukuma ake kira wulaƙanta naira, kuma jimillar kuɗin da ke cikin tuhumar naira 490,000 ne. Kafin a karanta hukunci kotu ta yi tambaya, namiji ko mace? Amsa ta fito, namiji. Tambayar tana da dalili, domin dole a san gidan yarin da za a kai mutum. Sai dai washegari wannan amsar ce ta cika gari, naira kuwa ba wanda ya sake tuna ta. A nan na gane cewa shari'ar da aka yi a cikin kotu daban, wadda jama'a suka yi a zukatansu daban.

Hausa ba ta barin marubuci ya laɓe. Ko shi ko ita, ko kai ko ke, babu tsakiya. Yawancin kafofin labaranmu "shi" suke cewa, su kuma haɗa da laƙabin ɗan daudu. Ni zan ce "ita", domin haka take kiran kanta a gaban mabiyanta, kuma 'yan daudun namu ma tun da can da "ke" da "ƙawata" suke kiran junansu, ba wanda ya ce sama ta faɗo. Mai karatun da abin bai kwanta masa ba yana iya musanyawa a ransa, hujjar da zan kawo ba ta dogara da wannan ba.

A Legas aka haife ta, ta yi karatun akanta a Jami'ar Legas. Wajen 2016 sunanta ya fashe a Snapchat, kafin ta koma Instagram da miliyoyin mabiya. Hajarta man bilicin ne da talla da baje kolin dukiya: motoci, gwala-gwalai, gashin kanti, labarin wani attajirin masoyi da ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Ta fahimci abin da masu zaginta ba su fahimta ba, cewa a intanet zagi ma kuɗi ne. Duk wanda ya shiga shafinta don ya tsine mata, ya ƙara mata ƙididdigar da za ta nuna wa masu ba da talla. Shekara kusan takwas 'yan Nijeriya suna tofin Allah-tsine da baki, suna ciyar da ita da yatsa.

Hukuma ta daɗe tana neman inda za ta kama. A ƙarshen Agustan 2019 'yan sanda sun rufe wurin da ta shirya bikin zagayowar ranar haihuwarta a Lekki, a daidai lokacin da shugaban hukumar raya al'adu ta ƙasa na wancan zamani, Olusegun Runsewe, yake kiranta abin kunya ga ƙasa. Ba a kai ta kotu ba, domin babu dokar da za a kai ta da ita. Dokar haramta auren jinsi da Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko tallafa musu, amma ba ta ce komai a kan sutura ko sauya jinsi ba. A 2022 wani ɗan Majalisar Wakilai daga Bauchi ya kawo ƙudurin da zai toshe wannan giɓi, da ɗaurin wata shida ko tarar naira 500,000 ga namijin da ya yi shigar mata ko macen da ta yi shigar maza. Ƙudurin bai zama doka ba. A Kano da wasu jihohin da ke bin shari'ar Musulunci akwai tanadi a kan haka, Hisbah kuma tana kame, amma Legas ba Kano ba ce.

Sai ga Maris ɗin 2024. A wajen bikin ƙaddamar da wani fim a Legas aka ba Bobrisky kyautar macen da ta fi kowa iya ado. Ƙasa ta ɗauki zafi, mata 'yan fim suka fusata, masu wa'azi suka samu abin huɗuba. Ba a cika mako biyu ba hukumar EFCC mai yaƙi da almundahana ta kama Bobrisky, kuma mafi girman kuɗin da ke cikin tuhumar, naira 400,000, a daren wannan bikin aka ce ta liƙa su. Wanda ya ce biri bai yi kama da mutum ba a nan, to bai kalli birin da kyau ba.

Ba ina cewa ba ta yi laifi ba. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana liƙi da taka naira, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma ita da bakinta ta amsa laifi. Abin dubawa shi ne yadda aka yi da sauran. A Fabrairun 2024 kotu a Legas ta yanke wa 'yar fim Oluwadarasimi Omoseyin wata shida a kan laifi iri ɗaya, da zaɓin tarar naira 300,000. Kwanaki kaɗan bayan ɗaure Bobrisky aka gurfanar da attajirin nan Cubana Chief Priest shi ma a kan liƙi, ya musanta, aka ba shi beli, daga baya aka sasanta a wajen kotu ya biya naira miliyan 10 ya koma harkokinsa. Wadda ta amsa laifi tun ranar farko, ta roƙi sassauci, ba ta ɓata wa kotu lokaci ba, ita ce ta tafi gidan yarin Kirikiri. Gaskiya ne daga baya an ɗaure wasu ma ba tare da tara ba, kuma alƙali yana da hurumin zaɓar hukunci. Amma ni da kai mun halarci bukukuwan da ake tattake naira har sai an kawo yara da tsintsiya da buhu, kuma mun ga bidiyon bikin 'ya'yan manya. Da dokar nan tana aiki a kan kowa, da gidajen yarinmu ba su ɗauki rabin iyayen amare ba.

Na san amsar da za a ba ni: ai ko ta wace hanya aka bi, an dai hukunta mai ɓata tarbiyya. Addininmu bai yarda namiji ya kamanta kansa da mace ba, wannan ba abin jayayya ba ne a wurin yawancin masu karanta wannan shafi, kuma ban zo in sauya wa kowa aƙida ba. Amma addinin nan ne ya ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci. Idan al'umma tana son hana wani abu, ga majalisa nan, a yi doka a bayyane, a yi muhawara, kowa ya san iyakarsa. Abin da ke da haɗari shi ne a saba wa hukuma da fakewa da guzuma tana harbin karsana, mu kuma muna tafi saboda karsanar ba tamu ba ce. Dokar da kusan kowa yake karyawa, amma hukuma ce ke zaɓar wanda za ta kama, makami ne a ajiye. Yau an ɗauko shi don wadda muke ƙyama. Gobe ɗan jarida ne da ya yi liƙi a bikin ƙanwarsa mako guda bayan ya tono wata badaƙala.

Abin da ya biyo baya ya ƙara tona asirin tsarin. An sake ta ranar 5 ga Agusta. A Satumba wani ɗan gwagwarmayar intanet, VeryDarkMan, ya saki wata murya da ya ce tata ce, ana jin ana cewa an biya naira miliyan 15 don a janye wata tuhumar halasta kuɗin haram da aka yi mata, kuma a wani gida ta yi zaman wa'adinta, ba a gidan yari ba. Ta musanta. Kwamitin da Ministan Harkokin Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya kafa ya ce bai ga shaidar ta kwana a waje ba, amma ya tabbatar ta samu gata: ɗaki nata ita kaɗai da kayan ɗaki, firiji, talabijin, baƙi a kai a kai, har da fursunonin da ke yi mata aike. Wato tsarin da ya tsananta mata saboda abin da take, shi ne ya sassauta mata saboda abin da take da shi. A gidajen yarin da mafi yawan mazaunansu masu jiran shari'a ne, wasu shekara da shekaru, wannan ma zalunci ne, kuma a wannan karon ita ce ta ci moriyarsa.

Shi ya sa nake jinjina kai idan kafofin waje suka kira ta 'yar gwagwarmayar kare haƙƙin masu sauya jinsi. Ta sa an san akwai su, wannan gaskiya ne, kuma tsayawa a bainar jama'a shekara da shekaru ana jifa yana buƙatar ƙarfin hali. Amma gwagwarmayarta ta kanta ce da kasuwarta. Ita tana da mota mai duhun gilashi da masu gadi da lauyoyi da fasfo. Fushin da take tayarwa a kan wasu yake sauka, waɗanda ke hawa motar haya su sauka a unguwa, ko ɗan daudun da ke tuyar kaji a tasha ba shi da kowa sai kaskonsa.

Kwana uku bayan fitowarta daga Kirikiri, ranar 8 ga Agusta, aka tsinci gawa a gefen titin Katampe zuwa Mabushi a Abuja, cikin kayan mata, da raunuka. Mabiyan TikTok sun san ta da Abuja Area Mama, mai shigar mata ce ita ma kamar Bobrisky, shekarunta 33, kuma ta sha ba da labarin hare-haren da ake kai mata. 'Yan sandan birnin tarayya suka ce suna bincike. A ƙarƙashin labarin, na ga mutane da sunaye irin namu suna rubuta cewa ta rage mugun iri. Firijin Bobrisky ya samu kwamitin minista da zaman Majalisar Wakilai da dakatar da manyan jami'an gidan yari. Gawar titin Katampe ta samu kwana biyu a kanun labarai.