Wa ake karewa idan aka toshe baki?

Jama'a, duk lokacin da wani jami'in gwamnati ya ce 'yancin faɗar albarkacin baki yana da iyaka, ba na musa masa. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba mu 'yancin, sashe na 45 kuma ya halatta a taƙaita shi saboda tsaro, zaman lafiya ko kare haƙƙin wasu. Damuwata ita ce wanda ke shata iyakar, da wanda ake karewa da ita.

Akwai maganar da ba ta cancanci kariya ba ko kaɗan. A Ruwanda, a 1994, gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, yana karanta sunayen mutane da wuraren da suka ɓuya. Cikin kwana ɗari aka hallaka mutum kusan 800,000. Da an kashe wannan rediyo tun farko, ba mai hankalin da zai ce an tauye 'yanci. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta samu Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan, da laifi.

Mu ma mun ɗanɗana. A watan Yunin 2018 aka yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa daga Barikin Ladi suke. Binciken BBC ya gano cewa wani bidiyon daga Kongo Brazzaville ya fito, tun 2012. Kafin gaskiya ta bayyana, an tare hanya a Jos an kashe matafiya da ba su ji ba, ba su gani ba. Wanda ya ƙirƙiri irin wannan ƙarya da gangan, a goge rubutunsa, a gurfanar da shi, ba zan tsaya masa ba.

To amma dubi inda hukuma ta fi zare takobinta. A 1984, ƙarƙashin dokar soja mai lamba 4, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda saboda labarin naɗin jakadu. Ran wa labarin ya jefa cikin haɗari? A watan Yunin 2021 Twitter ta goge wani saƙon Shugaba Buhari, kwanaki kaɗan gwamnati ta rufe dandalin baki ɗaya har zuwa Janairun 2022. Wata bakwai! Masu tallar atamfa da turare da takalma ta waya su suka ji a jikinsu. Kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka, amma hukuncin ya zo ne bayan aikin gama ya gama. A ƙarshen 2022 kuma aka kama wani ɗalibin jami'a a Dutse saboda saƙo ɗaya da ya taɓa uwargidan shugaban ƙasa. Kalaman yaron ba su yi min daɗi ba, tarbiyyarmu ba ta yarda da su ba, sai dai rashin kunya daban, tunzura kisa daban.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda muke yin tafi idan wanda aka kama ɗan wata jam'iyya ne ko wata ɗariƙa, mu manta cewa dokar tana nan bayan mulki ya sauya hannu.

Ni dai matsayina a fili yake. A hana maganar da ke kiran a zubar da jini, ko ƙazafin da aka tabbatar. Alƙali ne zai yanke, a zaman kotu na bainar jama'a, a kan mutumin da ya yi maganar kaɗai, kuma da damar ɗaukaka ƙara. Gwamnan da aka soka kan albashi ko asibiti ba shi da hurumin zama mai ƙara kuma mai hukunci. An yi wa sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ya shafi hukunta mutum kan saƙon da ya tura, gyara a 2024, amma har yanzu ana kama 'yan jarida da shi. Ina so 'yan majalisarmu su faɗa mana dalili.