Ba katakon ne da laifi ba, Malam, fentin gefe guda ne

Akwai wasu hotuna da ake ta yawo da su na ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasa, 'yar tasha ta filawud irin wadda ake haɗawa da hannu, da bangonta ya lanƙwashe kamar baka, mai ita yana ta zagin waɗanda suka yanka masa. Abin ya ɓata min rai, don duk wanda ya dubi hoto na uku zai ga cikin ginin fari fat, ko ɗigon fenti babu. Waje kuma an zabga masa fentin ruwa har yana ƙyalli. To me ake so katakon ya yi?

Filawud ɗin da ake yanka wa irin waɗannan gine-gine da na'urar lesa bai wuce kaurin milimita 2 ko 3 ba, galibi falle uku ne aka manne, na tsakiya ya gitta sauran biyun. Ka jiƙa fuska ɗaya, fallen wannan fuskar ya sha ruwa ya kumbura, na bayansa yana nan a bushe. Dole ya lanƙwashe. Tasha kuma doguwar aba ce: ginin mita 30 a ma'aunin HO, wato 1:87, inda ake rage girman komai sau 87, ya kusa santimita 35, ga ƙofofi da tagogi duk sun huhhuda bangon. Babu bangon da ya kai na tasha rauni.

Abin da ka shafa wa waje, ka shafa wa ciki. Maganar ke nan. Tun guntayen suna jikin faifan katakon da aka yanka su a ciki, ka bi gaba da baya da sila ta kafinta, wato ruwan da ake shafa wa katako don kada ya sha ruwa, ko fentin fesawa na shimfiɗa, kaɗan-kaɗan, shafi biyu marasa kauri. Idan ya daina danƙo ka kwantar da shi tsakanin tayil biyu, leda a sama leda a ƙasa, ka ɗora littattafai ya kwana. Sai da safe za ka zo kan launi, shi ma gaba da baya.

Wani ya ce ai ciki ba a gani. Laimar damina tana gani. A watan Agusta gefen da ka bari tsirara zai sha danshi, hunturu ya zo ya tsotse shi, ginin da ya miƙe yau ya karkace kafin shekara. Wani kuma ya ce da ya sayi na MDF, wato allon garin katako da aka matse. Shi ma ka ba shi ruwa ka ga yadda bakinsa zai kumbura. Masu cewa fentin mai, ku gwada, ya cike muku duk zanen bulo da lesa ta tsaga, bango ya koma sumul.

Sannan bakin nan baƙi da lesa ta ƙona, toka ce, gam ba ya kama ta sosai. A goge da sanfefa mai lamba 240, shafa biyu kawai, in ka ci da yawa haƙoran haɗin za su yi lako-lako. Kada a ɓalle guntu da yatsa, a yanke 'yan maƙalan da reza. A haɗa bango huɗun babu gam tukuna, a ga sun zauna. Gam fari na kafinta, a ɗiba da tsinken sakace, a daidaita kusurwa da sukwaya, a ɗaure da robar kuɗi. Sufa gulu ba ya ba ka sakan goma na gyara, kuma yana sa robar taga ta yi hazo. Kowane dogon bango a manna masa siririn katako mai milimita 5 daga ciki, sama da ƙasa. Amma duk wannan ba zai cece ka ba in ka yi fentin gefe guda.

Shi mai hotunan, tsakani da Allah kada ya jefar. Ya ɗan jiƙa gefen da ya lotsa ciki, ya danne shi kwana biyu, ya rufe cikin da sila, ya sa masa tokara. Yawanci yana dawowa. Aikin tagoginsa ma ya yi kyau, akwai hannu.

Wai ma me ya sa kullum tashoshin Ingila da Jamus muke haɗawa? Dogo ya iso Kano tun 1911 daga Baro, ga Zariya inda ƙaramin layin da ya hau Jos ya rabu, gine-ginen suna ta lalacewa. Awo kawai ake buƙata da hoto ta kowace fuska, masu lesa suna nan a garuruwanmu suna yanka allunan biki. Wanda zai yi dai ya tuna tsohon dogonmu faɗinsa milimita 1,067 ne, a 1:87 layi mai milimita 12 zai nema. Mai milimita 16.5 da ake sayarwa da jiragen HO, wannan na irin layin Abuja zuwa Kaduna ne.